Shari'ar Edith Windsor: Harajin Gado da Matsayin Auren Jinsi a Dokar Amurka

A ranar 5 ga Fabrairu, 2009, wata ƙwararriyar likitar halayyar ɗan Adam mai suna Thea Spyer ta rasu a birnin New York na Amurka, ta kuma bar wasiyyar cewa duk abin da ta mallaka ya koma hannun Edith Windsor, matar da suka zauna tare fiye da shekara 40 kuma suka yi aure a ƙasar Kanada a 2007. Da aka zo lissafin dukiyar, sai ya zama wajibi Windsor ta biya gwamnatin tarayya harajin gado na dala 363,053, sannan ta biya jihar New York fiye da dala 275,000. Da a ce wanda ya rasu namiji ne, da ko kwabo ba a nema a hannunta ba, domin dokar harajin Amurka ta yafe wa miji ko mata harajin duk abin da ɗayansu ya bar wa ɗaya. Wannan bambanci shi ne ya haifi ƙarar da ta kai Kotun Ƙolin Amurka a 2013, wadda ta rushe sashe na 3 na dokar da ake kira DOMA, wato dokar tarayya da ta ce aure tsakanin namiji da mace ne kawai. An fi tunawa da shari'ar a matsayin shari'ar auren jinsi, amma tushenta rikicin haraji ne, kuma sai an fahimci yadda harajin yake kafin a gane abin da kotun ta yanke da kuma abin da ta bari ba ta taɓa ba.

Mai karatun da ya saba da rabon gado irin na Musulunci, inda ake fitar da kuɗin jana'iza da bashi da wasiyya sannan kowane magaji ya ɗauki kasonsa da aka ƙayyade, zai tarar tsarin Amurka ya sha bamban ta fuska biyu. A can mutum yana da dama mai faɗi ta bar wa wanda ya ga dama dukiyarsa ta hanyar wasiyya, kuma gwamnatin tarayya tana cire nata kason daga jimillar dukiyar mamaci tun kafin magada su karɓi komai. Ba kowane gado ne harajin ke hawa kansa ba. A shekarar da Spyer ta rasu, dala miliyan 3.5 na farko ba a taɓa su, abin da ya haura haka kuwa ana cire masa har kashi 45 cikin 100. Idan aka auna kuɗin da Windsor ta biya da wannan ma'auni, za a ga cewa abin da ya haura iyakar bai kai dala miliyan ɗaya ba. Matan biyu masu rufin asiri ne sosai, amma ba attajiran da ake jin sunansu ba ne. Babban ɓangaren dukiyarsu gidan da suke zaune ne a yankin Manhattan na birnin New York da wani ƙaramin gida a Southampton da ke tsibirin Long Island, waɗanda suka saya tun da daɗewa, farashinsu kuma ya yi ta hawa tare da farashin gidajen yankin.

Rangwamen da ake yi wa ma'aurata yana da tarihin da ya dace a tsaya a kansa, domin shi ne ke nuna manufar dokar. Majalisar dokokin Amurka ta ƙirƙiro shi a 1948 saboda wani rashin daidaito da ke tsakanin jihohi. A jihohi irin su California da Texas, doka ta ɗauki abin da ma'aurata suka samu a zaman aure a matsayin mallakar su biyu, rabi da rabi, don haka idan miji ya mutu rabin dukiyar kawai ake yi wa haraji. A sauran jihohi kuwa, inda dukiya take ta wanda sunansa ke kan takarda, sai a yi wa gaba ɗayanta haraji, ko da yake zaman iyalan iri ɗaya ne. Majalisa ta ga wannan bai dace ba, sai ta yafe harajin har zuwa rabin dukiyar idan mata ko miji aka bar wa. A 1981, zamanin Shugaba Ronald Reagan, aka cire iyakar gaba ɗaya, ya zama ko nawa aka bar wa abokin aure babu haraji a kansa. Hujjar ita ce miji da mata gida ɗaya ne a sha'anin kuɗi, kuma dukiya ba ta bar gidan ba sai na biyun ya mutu. Saboda haka rangwamen jinkiri ne, gwamnati tana jiran kasonta a mutuwa ta biyu. Abin da ke tabbatar da haka shi ne, tun 1988 ba a ba da wannan rangwame kai tsaye idan wanda aka bari ba ɗan ƙasar Amurka ba ne, sai an zuba dukiyar a wani asusun amana na musamman, don gudun kada ya fice da ita inda hannun mai karɓar haraji ba zai kai ba.

Waɗanda doka ba ta ɗauke su ma'aurata ba suna fuskantar ƙarin wahalhalu da ba a cika faɗa ba. Idan mutum biyu da ba ma'aurata ba suka mallaki gida tare bisa sharaɗin wanda ya rage ya gaje shi, dokar haraji tana lissafa darajar gidan gaba ɗaya cikin dukiyar wanda ya fara mutuwa, sai fa idan na rayen ya kawo shaidar kuɗin da shi ya zuba, wanda ke nufin neman takardun banki da rasidai na shekaru masu yawa. Ga ma'aurata rabi kawai ake lissafawa ba tare da an tambayi kowa komai ba. Haka nan kyauta a lokacin rayuwa: miji zai iya bai wa matarsa ko nawa ne, amma tsakanin waɗanda ba ma'aurata ba, abin da ya wuce dala 13,000 a shekarar 2009 sai an kai rahotonsa, kuma yana rage iyakar da za a yafe wa mutum a ƙarshe. Har ila yau, dukiyar da ta bi ta hannun mutum biyu irin waɗannan tana iya shan haraji sau biyu a cikin gida ɗaya, a mutuwar farko da ta biyu.

Su waye matan biyu? An haifi Edith Windsor a Philadelphia a 1929. Ta yi digiri na biyu a fannin lissafi a Jami'ar New York, ta kuma yi aiki da kamfanin IBM a matsayin ƙwararriya kan manhajar kwamfuta tun lokacin da mata ba su da yawa a wannan aiki. Ita kuwa Thea Spyer an haife ta a Amsterdam a 1931, a gidan Yahudawa da suka tsere daga Turai saboda 'yan Nazi. Sun haɗu a New York a 1963, suka yi alƙawarin aure a 1967, lokacin da babu inda doka ta san irin wannan aure a duniya. Maimakon zobe, Spyer ta bai wa Windsor wani ƙaramin abin ado na lu'ulu'u da ake maƙalawa a riga, don kada abokan aikinta su yi ta tambayar ko wane ne angon. A 1977 likitoci suka gano Spyer na ɗauke da wata cuta mai lalata jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka sannu a hankali, wadda ta kai ta ga keken guragu, daga baya ta shanye mata kusan dukan gaɓoɓi, kuma Windsor ce ta yi jinyarta shekara da shekaru. Sun yi rajista a matsayin abokan zama a 1993 lokacin da birnin New York ya buɗe wannan rajista, amma rajistar ba ta da wani tasiri a kan harajin tarayya. Da ciwon zuciya ya ƙaru a kan Spyer har likita ya shaida mata cewa kwananta ya ƙare kusa, sai suka tafi Toronto aka ɗaura musu aure a ranar 22 ga Mayu, 2007.

A Amurka sha'anin aure na jihohi ne tun asali: jiha ce ke faɗin shekarun aure, da wanda ya halatta mutum ya aura, da yadda ake rabuwa, gwamnatin tarayya kuma bisa al'ada tana karɓar abin da jiha ta tabbatar. A 2008 wata kotun ɗaukaka ƙara ta jihar New York ta yanke cewa jihar za ta amince da auren jinsi da aka ɗaura bisa doka a wani wuri, kuma Gwamna David Paterson ya umarci hukumomin jihar su bi wannan hukunci, tun kafin jihar ta halatta ɗaura auren a cikinta a Yunin 2011. Don haka a idon New York, Windsor bazawara ce da ta rasa abokiyar aurenta. Abin da ya tare hanya shi ne dokar DOMA, wato dokar kare aure, wadda majalisa ta zartar a 1996 bayan wani hukuncin kotun ƙolin jihar Hawaii na 1993 ya sa aka fara tunanin wata jiha na dab da halatta auren jinsi. Majalisar Wakilai ta amince da ita da ƙuri'a 342 a kan 67, Majalisar Dattawa da 85 a kan 14, Shugaba Bill Clinton kuma ya sa mata hannu a watan Satumba na shekarar. Sashe na 3 ya ce a duk wata doka ko ƙa'ida ta tarayya, aure yana nufin haɗuwar namiji ɗaya da mace ɗaya kawai. Wani bincike na ofishin bin diddigin ayyukan gwamnati a 2004 ya ƙirga tanade-tanaden doka 1,138 da matsayin aure ke shafa, daga fansho zuwa takardar zama a ƙasa zuwa haƙƙin iyalan soja, kuma rangwamen harajin gado ɗaya ne daga cikinsu.

Windsor, a matsayinta na wasiyyiyar mamaciyar, ta biya kuɗin, sannan ta nemi hukumar tara haraji ta IRS ta mayar mata, hukumar ta ƙi bisa hujjar cewa a dokar tarayya ita ba abokiyar aure ba ce. Lauya Roberta Kaplan, tare da ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta ACLU, ta shigar da ƙara a kotun tarayya da ke Manhattan a ranar 9 ga Nuwamba, 2010. Ƙarar tana da wani ƙarfi da sauran ƙararrakin da ke ƙalubalantar DOMA ba su da shi: asarar tana da adadi a rubuce, kuma babu gardama a kan cewa dalili ɗaya ne ya jawo ta.

Daga nan shari'ar ta ɗauki wani salo da ba kasafai ake gani ba. A ranar 23 ga Fabrairu, 2011, ministan shari'a Eric Holder ya sanar da majalisa cewa gwamnatin Shugaba Barack Obama ta gamsu sashe na 3 ya saɓa wa kundin tsarin mulki, don haka ba za ta ƙara kare shi a kotu ba, amma za ta ci gaba da aiki da shi har sai kotu ta yanke hukunci. Ma'anar wannan ita ce gwamnati ta yarda Windsor ce mai gaskiya amma ta riƙe kuɗinta. Sai wani kwamitin shugabannin Majalisar Wakilai, ƙarƙashin kakaki John Boehner na jam'iyyar Republican, ya shigo don kare dokar, ya ɗauki Paul Clement, tsohon babban lauyan gwamnati a Kotun Ƙoli. Mai shari'a Barbara Jones ta bai wa Windsor gaskiya a ranar 6 ga Yuni, 2012, kotun ɗaukaka ƙara ta shiyya ta biyu kuma ta tabbatar da hukuncin a ranar 18 ga Oktoba da rinjayen alƙalai biyu a kan ɗaya. Kotun Ƙoli ta karɓi ƙarar a watan Disamba, har ta gayyaci Farfesa Vicki Jackson ta Jami'ar Harvard ta gabatar da hujjar cewa kotun ba ta da hurumi, tun da mai ƙara da wanda ake ƙara bakinsu ɗaya.

Masu kare dokar sun kawo hujjoji da ya kamata a faɗe su yadda suke. Sun ce gwamnatin tarayya na da ikon fayyace ma'anar kalmomin dokokinta. Cewa ana buƙatar ma'auni ɗaya a faɗin ƙasa don kada haƙƙin mutum ya canza idan ya ƙetare iyakar jiha. Cewa majalisa ta yi taka-tsantsan ne a gaban sauyin da ba a san ƙarshensa ba. Cewa an tsara gatan aure ne don zaman da ke haifar da 'ya'ya. Kuma cewa akwai batun tattalin baitulmali. A zaman sauraron ƙara na ranar 27 ga Maris, 2013, mai shari'a Elena Kagan ta karanto wa Clement wani ɓangare na rahoton Majalisar Wakilai na 1996, inda aka rubuta ƙarara cewa majalisa na son bayyana rashin amincewarta da luwaɗi da maɗigo ta fuskar ɗabi'a. Mai shari'a Ruth Bader Ginsburg kuma ta ce dokar ta samar da aure iri biyu, cikakke da kuma mai kama da madarar da aka yaɗe wa mai.

A ganina, idan aka tsaya a kan harajin gado kaɗai, hujjojin kare dokar ba su da ƙarfi, kuma mutum ba ya buƙatar ya sauya abin da addininsa ya koya masa game da aure kafin ya ga haka. Hujjar ma'auni ɗaya ta rushe ne saboda tarayya ta daɗe tana karɓar aurarrakin da jihohi suka saɓa a kansu, kamar auren 'ya'yan wa da ƙani da wasu jihohi suka halatta wasu suka haramta, ba ta taɓa cewa sai an daidaita su kafin ta ba da rangwame ba. Hujjar haihuwa ba ta da gurbi a nan, domin rangwamen ba ya tambayar ko akwai 'ya'ya. Dattijo ɗan shekara 80 da ya yi aure wata guda kafin rasuwarsa, matarsa tana samun sa cikakke. Manufar rangwamen ita ce kada a tilasta wa wanda aka bari ya taɓa dukiyar da yake rayuwa da ita a lokacin da yake cikin makoki da tsufa, kuma Windsor, wadda ta kusa shekara 80 kuma ta kwanta asibiti da ciwon zuciya jim kaɗan bayan rasuwar Spyer, ta cika wannan siffa ta kowace fuska. Jiharta ta ce matar aure ce, zamansu ya cika manufar dokar, abin da ya rage kawai shi ne majalisa ba ta son irin aurenta, kuma wannan bai isa dalilin karɓe wa tsohuwa kuɗin da ba a karɓa a hannun maƙwabciyarta ba.

Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 26 ga Yuni, 2013, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu. Mai shari'a Anthony Kennedy ne ya rubuta ra'ayin masu rinjaye, tare da goyon bayan Ginsburg da Stephen Breyer da Sonia Sotomayor da Kagan. Ya ce kotu na da hurumi saboda har lokacin ba a biya kuɗin ba, don haka rikicin na nan da rai. A kan asalin magana kuma ya ce sashe na 3 ya saɓa wa kwaskwarima ta biyar ta kundin tsarin mulki, wadda ta tabbatar da 'yanci da daidaito a gaban dokar tarayya, domin ya ware wasu aurarraki da jiha ta ga dama ta mutunta ya mayar da su masu daraja ta biyu, ya kuma kafa tsarin aure biyu masu karo da juna a cikin jiha ɗaya. Alƙalin alƙalai John Roberts da Antonin Scalia da Clarence Thomas da Samuel Alito suka ƙi. Scalia ya ce tun farko bai kamata kotu ta saurari ƙarar da babu saɓani tsakanin ɓangarorinta ba, ya kuma yi hasashen cewa za a ɗauki kalaman Kennedy a rushe dokokin jihohin da suka hana auren jinsi. Alito ya ce gardamar tsakanin fahimta biyu ce game da ma'anar aure, kuma kundin tsarin mulki bai zaɓi ɗaya ba, don haka jama'a ne ya kamata su yanke. Hasashen Scalia ya tabbata bayan shekara biyu cif, a ranar 26 ga Yuni, 2015, lokacin da kotun ta halatta auren jinsi a duk faɗin ƙasar a shari'ar Obergefell.

An mayar wa Windsor kuɗinta haɗe da kuɗin ruwa. A ranar 29 ga Agusta, 2013, IRS ta fitar da ƙa'idar cewa za ta duba inda aka ɗaura aure ne, ba inda ma'auratan ke zaune ba, abin da ya ba waɗanda ke zaune a jihohin da ba su amince ba damar samun rangwamen tarayya. Sai dai gyaran bai koma baya da nisa ba, domin neman a mayar da haraji yana da wa'adi, galibi shekara uku daga lokacin da aka miƙa takarda ko shekara biyu daga lokacin biya. Waɗanda suka biya tun kafin haka sun yi asara ke nan, haka ma waɗanda abokan zamansu suka mutu kafin a sami inda za a ɗaura musu aure. Ƙa'idar ta kuma fayyace cewa masu rajistar zaman tare da ba aure ba ba sa ciki. Windsor ta rasu a ranar 12 ga Satumba, 2017, tana da shekara 88, kuma sai a Disambar 2022 ne majalisa ta share DOMA daga littafin doka ta hanyar wata sabuwar doka da Shugaba Joe Biden ya sa wa hannu.

Wasu ƙasashe sun bi ta wata hanya zuwa wuri ɗaya. Kotun tsarin mulkin Jamus ta yanke a Yulin 2010 cewa bambanta ma'aurata da masu rajistar zaman tare a harajin gado ya saɓa wa daidaito. Birtaniya, inda harajin gado ke kai kashi 40 cikin 100, ta ba masu rajistar zaman tare rangwamen ma'aurata tun Disambar 2005. A can ne kuma wata ƙara ta fito da abin da shari'ar Windsor ba ta amsa ba. Joyce da Sybil Burden, ya da ƙanwa tsofaffi da ba su taɓa aure ba, sun zauna tare tsawon rayuwarsu, suna zaune a gidan iyali a yankin Wiltshire, kuma suna fargabar cewa idan ɗaya ta mutu sai ɗayar ta sayar da gidan kafin ta iya biyan haraji. Dokar rajistar zaman tare ta hana 'yan'uwa na jini shiga, don haka ba su da wata ƙofa. Suka kai ƙara Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai da ke Strasbourg, wadda a Afrilun 2008 ta yanke da rinjayen alƙalai 15 a kan 2 cewa ba a nuna musu bambanci ba, saboda zumuncin jini daban yake da alƙawarin da mutum biyu suka ɗauka a bainar jama'a, mai haƙƙoƙi da nauye-nauyen doka. Hujjar tana da ma'ana ta fuskar gudanar da haraji, tun da takardar aure abu ce da jami'i zai iya dubawa ba tare da ya leƙa cikin gidan mutane ba. Amma idan manufar rangwamen ita ce kare tsohon da aka bari a gidan da ya rayu, to 'yan'uwan Burden sun cancanci kariyar daidai da Windsor, kuma ina ganin majalisa za ta iya jinkirta musu harajin zuwa mutuwa ta biyu ba tare da baitulmali ya rasa kasonsa ba. Har yau dokar harajin gado ta Amurka da ta Birtaniya ba su ba 'yan'uwa masu zama tare wannan rangwame ba.